Kwana Tara Kafin Sabuwar Inshora

Abin da ya fara sa Lorna Pruitt zargi shi ne ɗanta ya yi abin da ta shekara tana roƙonsa ya yi.

Ran sha biyu ga Disamba, Wade ya shigo kicin ɗinta da kwamfuta a hammata, ya ce ta taya shi canja inshorar lafiya kafin a rufe rajista ran sha biyar. Mai tsadar yake so, wadda ke ɗaukar yawancin kuɗin asibiti tun daga farko. Lorna ta ajiye dankalin da take ferewa, ta goge hannu, ta zauna. Ba ta tambaye shi komai ba har suka gama cike fam ɗin.

"Ɗaya ga Janairu take farawa, ko?" in ji shi.

"Haka suka rubuta."

"Babu yadda za a yi ta fara kafin nan?"

"Ka taɓa ganin mutanen nan sun fara biyan wani abu da wuri?"

Ya rufe kwamfutar. Da zai tashi sai da ya dafa teburin da hannu biyu.

Bara war haka, a kan wannan teburin, sun yi cacar baki. Wade ya cika shekara ashirin da shida, aka cire sunansa daga inshorar da Lorna ke samu a wurin aikinta, kicin ɗin makarantar firamaren garin. Shi kuma sana'arsa sarar bishiyoyi ce a gidajen mutane, ba shi da kamfanin da zai saya masa. Ya bi jerin da ido, ya tsallake duka, ya tsaya a kan ta can ƙasa, wadda ake sayar wa waɗanda ba su kai talatin ba, wadda kowa ke kira inshorar bala'i. Kuɗinta na wata kaɗan ne. Sai dai ban da ganin likita sau uku da alluran rigakafi, ba ta biyan ko senti sai mutum ya kashe kusan dala dubu takwas daga aljihunsa a cikin shekarar.

"Wannan tikitin caca ne," Lorna ta ce masa a lokacin.

"Mama, yaushe rabona da ko mura? In bishiya ta faɗo mini, su biya. In ba ta faɗo ba, na ci riba."

"In reshe ɗaya ne ya faɗo maka fa, ba bishiyar duka ba?"

Dariya ya yi, ya latsa ya saya. Shekara guda yana tsokanarta da maganar. Yanzu kuma shi ne ya zo da kansa yana neman mai tsada, bai ko yi ƙorafin kuɗin ba.

Daga ranar Lorna ta sa masa ido. Ta lura ya koma sa wani ƙaton wandon aiki na marigayi ubansa. In ya zauna sai ya miƙe ƙafar hagu can ƙarƙashin tebur. Dusar ƙanƙara na zuba a waje, shi kuwa goshinsa na naso. Wata mata a coci ta ce mata ta ga Boone Haskell, abokin aikinsa, a saman bishiyar maƙwabcinta, Wade na ƙasa riƙe da igiya. Boone ya haura arba'in, yana da tumbi, kuma kowa ya san ko tsani ba ya son hawa.

Lorna ta taɓa ganin irin wannan. Shekara uku da suka wuce ta tsaya a bakin kabarin Dustin, ɗan ƙanwarta. Shi ma da gumi ya fara, da rashin cin abinci, da gajerun amsoshi. Ƙwayar ciwon baya aka rubuta masa, daga nan ya zarce da shaye-shaye. Ta koma ta karanta takardun sabuwar inshorar Wade layi-layi, a shafi na huɗu ta ga tana biyan kuɗin gidan gyaran masu shaye-shaye. Ta ninke takardar ta sa a aljihun tebur.

Ran Lahadi, ashirin da biyu ga wata, ya zo cin abincin rana. Ya tsakuri naman ya ture faranti. Lorna ta ce za ta fitar da shara. A-kori-kurarsa ba a kulle take ba. Ƙarƙashin kujerar direba, cikin safar hannu, ta sami farar kwalbar roba da hoton kifi a jiki, saura kafso bai fi goma a ciki ba. Ta zari ɗaya, ta mayar da kwalbar yadda take.

Washegari an shiga hutun Kirsimeti, ba ta da aiki. Ƙarfe tara ta isa filin da suke faskaren itace. Boone kaɗai ta tarar. Ya kashe injin, ya cire abin toshe kunne.

"Anti Lorna, da sanyin nan? Kek kika kawo mana ko sammaci?"

Ta buɗe masa tafin hannunta. "Kai ka ba shi?"

Boone ya dubi kafson, ya dube ta. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Shekarata shida da wata huɗu rabona da ƙwaya. Kin zo walimar da aka yi mini. Har da ke aka yi tafi."

"Na yi tafi. Yanzu tambayarka nake."

"Maganin kifi ne."

"Kifi."

"Irin kafson da likita ke rubutawa in ciwo ya yi ruwa. A kantin abincin dabbobi ake sayarwa, dala ashirin, ba a neman takardar likita. Anti, in kwalaben nan za a bi, rabin mutanen garin nan a cikin ruwa suke kwana."

"Wade ba shi da kifi."

"Ba shi da shi."

"To wane ciwo ne ya yi ruwa?"

Boone ya sunkuya ya ɗauki wani faskare, ya jujjuya shi, ya ajiye a inda ya ɗauko. Ya ce Wade ya sa shi ya rantse. Lorna ta ce tana da yinin gaba ɗaya, kuma za ta iya yin sa a tsaye. Bai kai minti guda ba ya fara magana.

Ran shida ga wata suna sare wata bishiya mai ƙaya a bayan gidan wani tsoho. Wade ya durƙusa a kan reshe, ƙaya mai tsawon yatsa ta huda wando ta shige ƙasan ƙoƙon gwiwarsa. Ya zare ta, ya zuba giya a wurin, ya liƙe da gam, ya ƙarasa aikin. Kwana huɗu gwiwar ta kumbura. Ya je ƙaramin asibitin garin da ɗaya daga cikin ganin likitan nan uku. Matar da ta duba shi ta ce ya wuce babban asibiti a ɗauki hoto, wataƙila guntun ƙayar na ciki, wataƙila sai an buɗe. Ya tambayi nawa ne. Ta ce ba ta sani ba. Ya buga waya babban asibitin, aka haɗa shi da mutum uku, babu wanda ya sani.

"Sai ya zauna ya yi lissafi," in ji Boone. "Kin san shi da lissafi."

"Kai kuma ka zuba masa ido."

"Na hau bishiya, Anti. Ni. Me kike so in ƙara yi, in ɗaure shi?"

Lorna ta sa kafson a aljihun rigar sanyinta. Ba ta ji wani sauƙi ba. Labarin ya yi tsaf da yawa, kuma ta san masu shan ƙwaya da abokansu sun iya tsara labari. Ta ce masa kada ya kuskura ya buga wa Wade waya. Ta karɓi wayarsa ma, ta ce ya zo ya amsa a gidan Wade.

Gidan da Wade ke haya yana bayan gari, ɗaki ɗaya da falo. Ta tarar da shi kwance a doguwar kujera da bargo, ledar daskararren wake a kan gwiwarsa. A jikin firij akwai kalanda, an soke kwanaki da biro tun daga ran sha biyu.

"Cire wandon," in ji ta.

"Mama, shekarata ashirin da bakwai."

"Shekara uku na yi ina wanke abin da ke cikinsa. Cire."

"Boone ne, ko? Ƙaton banza."

"Zan ƙirga uku ne kamar da, ko za ka cire?"

Ya cire. Gwiwar ta ninka 'yar'uwarta, fatar ta ɗame tana sheƙi. Jan ya zagaye ta, ya haura cinya kamar faɗin tafin hannu. Lorna ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta ji zafi kamar murfin tukunya. Ta kama hannayensa biyu ta juya su, ta duba cikin gwiwar hannu, ta duba ƙwayar idonsa. Ya ƙyale ta.

"Kin gamsu?" in ji shi. "Ba Dustin ba ne ni."

"Sa takalminka."

"Tsaya ki ji. Ba wauta nake yi ba." Ya gyara kwanciya, ya cije leɓe. "In na shiga asibiti yau, dubu takwas ce a kaina kafin inshorar ta ɗaga yatsa. Duk abin da na tara na sayen injin niƙa rassa ke nan, har da ƙari. Kuma ran ɗaya ga Janairu ƙirgen ya koma sifili, kamar ban biya komai ba. In na jira, sabuwar ta ɗauka. Kwana tara ne, Mama. Na riga na yi sha bakwai."

Lorna ta bi lissafin a ranta daga farko zuwa ƙarshe tana neman inda ya kuskure. Ba ta samu ba. Wannan ne ya fi ɓata mata rai.

"Zan kira motar asibiti."

"Ki kira. Sama da dala dubu ce kafin su ce mini sannu. Kuma su zo in sa musu hannu in ce ba na zuwa. Haƙƙina ne."

Ta san zai aikata. Ta zauna a bakin teburin falon, ta buɗe jakarta. A ciki akwai baƙin alƙalamin da take rubuta kwanan wata a jikin robobin abinci a makaranta. Ta taɓa ganin nas ɗin makarantar ta yi wani abu da irinsa a hannun wani yaro da gizo-gizo ya ciza.

"Miƙo ƙafar."

Ta zagaye jan da layi, daidai bakinsa, a hankali. Ta rubuta 10:20 a gefe.

"Ka ce kafson kifinka ya tsayar da shi."

"Ya tsayar. Tun jiya bai motsa ba."

"To. Zan zauna nan har ƙarfe biyu. In bai tsallake layin nan ba, in tafi gida, gobe in dawo in sake zanawa. In ya tsallake, ka shiga mota ba tare da ka buɗe baki ba."

Wade ya dubi layin. "Na yarda."

Ya miƙa hannu zai mayar da ledar waken. Ta riga shi ɗauka ta jefa cikin firij. Sanyi na sa fata ta yi fari, ta ce, kuma ba ta zo a yi mata rufa-ido ba.

Suka zauna. Ya kunna talabijin, ana nuna wasu suna gasar yin kek. Lorna ta wanke kwanukan da suka taru, ta share ƙasa, ta dawo. Ƙarfe sha biyu Boone ya shigo da burodi da naman gwangwani, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Shigo mana, Yahuza maci amana," in ji Wade. "Nawa ta biya ka?"

"Wayata ta ƙwace. Kai kuma dubi ƙafarka, kamar an hura balan-balan. Wa ya yi maka zane?"

"Ka ci amanata, kana kuma yi mini dariya a gidana."

"Gidan haya. Kuma kwana goma sha biyu ina lilo a sama kamar wankin da aka shanya, matata har ta fara tambayar inda na ajiye takardun gida. Ci burodi."

Bai ci ba. Wajen ƙarfe ɗaya haƙoransa suka fara haɗuwa. Ya ce na'urar ɗumama gidan ce ba ta da ƙarfi. Boone kuwa tuni ya cire rigar sanyinsa. Ɗaya da rabi Wade ya ce zai kewaya. Ya ƙi a kama shi, ya bi bango yana jan ƙafar, ya rufe ƙofa.

Lorna ta dubi teburin. Jakarta na nan, makullinta na nan. Alƙalamin ne babu.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya kwanta, ya ja bargo, ya ce saura minti ashirin. Ta ce ba sai an jira ba, ta yaye bargon. Jan na cikin layi ta ko'ina. Ta ɓangaren ƙasa layin siriri ne kamar yadda ta zana shi. Ta sama kuwa ya yi kauri, kuma fatar da ke ƙasansa ta yi ja-ja irin na wurin da aka goge da sabulu.

"Kin gani," in ji Wade. "Bai tsallake ba."

Lorna ta sa yatsa a kan wani ɗan baƙin tabo a cinyarsa, wanda aka haife shi da shi.

"Da na yi zanen nan, tabon nan yana wajen layi da faɗin yatsa biyu. Na duba shi da gangan. Yanzu yana ciki."

A talabijin wata mata tana kuka don kek ɗinta ya lotsa.

"Ba ni alƙalamina," in ji ta.

Ya zaro shi daga cikin safarsa ya miƙa mata.

"Kwana tara ne fa, Mama," ya ce, amma a hankali.

"Ka ce ba za ka buɗe baki ba. Boone, kama shi ta can."

Babban asibitin tafiyar minti arba'in da biyar ce. Boone ya ja motar Lorna, Wade na kwance a baya, kansa a cinyarta. Sau ɗaya ya yi magana a hanya, ya ce kada su bari a ba shi komai da bai nema ba, ko da ƙwayar ciwon kai ce, don ya ji ana sa mata kuɗin da ya fi na kwalba guda. A ƙofar sashen gaggawa aka turo masa keken marasa lafiya, ya tambayi mai turawar ko shi ma ana biya. Mutumin ya ce bai sani ba. Wade ya zauna don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

Nas ɗin farko da ta ga gwiwar ba ta gama tambayoyinta ba ta fita ta kira wani. Cikin rabin awa an sa masa ƙarin ruwa, an ɗebi jini, an zuƙo wani ruwa mai kauri daga gwiwar da allura. Aka tambayi magungunan da yake sha. Lorna ta fito da kafson daga aljihunta ta ajiye a kan tire. Nas ɗin ta ɗaga shi ta duba.

"Na kifi?"

"Na kifi."

"Shi ne na uku a watan nan," in ji ta, ta rubuta.

Da yamma aka shiga da shi tiyata, washegari da safe aka sake shiga da shi. Wajen tsakar rana, jajibirin Kirsimeti, likitar da ta yi aikin ta fito ta sami Lorna a ɗakin jira. Dakta Sethi ce sunanta, gajeriyar mace mai furfura, tana magana kamar mai karanta jerin kayan cefane. Sun wanke gaɓar sau biyu. Sun ciro guntun ƙaya, ya kusa rabin inci. Cutar ta fara shiga jini amma sun tare ta. Ƙafar za ta zauna. Lanƙwasuwar gwiwar kuwa ba za ta yi alkawari ba, gurunguntsin ya ci wuya.

"Bishiya yake hawa," in ji Lorna.

"An gaya mini. Ki tambaye ni a watan Afrilu."

"Da ya jira har Janairu fa?"

Likitar ta dube ta. "Ba na yin irin wannan lissafin," ta ce. "Yana ɗaki na shida. Ya farka."

An ɗaga kan gadon kaɗan. Fuskarsa ta faɗa, amma gumin ya tafi. Boone na zaune a gefe yana cin abincin da aka kawo wa mara lafiya, ya ce ai an riga an sa shi a lissafi, bai kamata ya lalace ba.

"Kwana biyar za su riƙe ni," in ji Wade. "Kin ji?"

"Na ji."

Ta ajiye jakarta, ta zagaya ƙarshen gadon, ta ɗaga bargon. An naɗe ƙafar da bandeji daga cinya har ƙwauri, wani siririn tiyo ya fito daga ciki. Yatsun biyar na waje. Ta kama babban ta matsa farcen har ya yi fari, ta saki, ta tsaya tana kallo har jini ya dawo.

"Tana nan, Mama."

"Haka suka ce."

"To me kike nema?"

"Motsa su in gani."

Ya motsa huɗu. Ƙaramin ya ƙi. Lorna ba ta saki bargon ba, tana tsaye tana jira, har shi ma ya motsa.